Koyon malanta a Ingila bayan digiri: abin da ƙa'ida ta ce kan kuɗi, gurbi da makarantar da za a tura ka

A Ingila digiri kaɗai ba ya mai da mutum malami. Akwai wata shaida da Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta amince da ita, ana kiranta QTS, ita ce lasisin shiga aji. Makarantun da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi doka ce ta wajabta musu neman ta, sauran makarantun ma galibinsu ba sa ɗaukar wanda ba shi da ita. Sannan ga PGCE, wadda takardar jami'a ce ta gaba da digiri. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, alhali kuwa akwai kwas mai ba da QTS kaɗai, akwai mai haɗa biyun, akwai kuma PGCE maras QTS. Wanda ya biya kuɗinsa ya yi na ƙarshen nan da niyyar koyarwa a firamare ko sakandaren gwamnati ya yi gudun gara ya faɗa zago. Don haka layin farko da za ka duba a shafin kowane kwas shi ne sunan shaidar da yake bayarwa.

Maganar nan duk ta Ingila ce. Sikotland, Wales da Ailan ta Arewa kowacce da tsarinta.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Ana son digiri na farko ko abin da ya yi daidai da shi, da maki 4 a Turanci da lissafi a GCSE, jarrabawar sakandare ta can, wato makin da a da ake kira C. Mai son koyarwa a firamare sai ya ƙara da kimiyya. Wanda ya yi karatu a Kano, Zariya ko Kumasi, hukumar UK ENIC ce ke auna takardunsa ta ba shi wasiƙar da ke nuna matsayinsu, kuma jami'o'i da dama suna karɓar kiredit na WAEC a madadin GCSE. Mai NCE ko HND kada ya ɗauka an wuce wurin. Kalmar da ƙa'ida ta yi amfani da ita digiri ce, sai ya tabbatar kafin ya kashe ko sisi. Tsohuwar jarrabawar lissafi da rubutu da ake wa masu neman shiga an soke ta tun 2020, yanzu cibiyar horon ce ke tantance wannan da kanta.

Ba a biyan kuɗi wajen neman gurbin. Wannan nake so ya shiga kunnen kowa, domin ina jin zafin yadda ake karɓe wa matasa kuɗi da sunan cike fom ɗin da su ma za su iya cikewa a wayarsu. Tun 2021 aka ɗauke aikin daga hannun UCAS, hukumar neman shiga jami'o'in Birtaniya, aka mai da shi shafin gwamnati na GOV.UK. A watan Oktoba ake buɗewa don kwas ɗin da zai fara a Satumba mai zuwa, kuma mutum na iya neman kwas huɗu a lokaci guda. Za ka sa takardunka, tarihin aikinka ba tare da tsallake wata shekara ba, da bayanin dalilin da ya sa kake son koyarwa da abin da ka sani a fanninka. Idan an ga ka dace sai a kira ka ganawa, wani lokaci ta intanet, a kan kuma ce ka koyar da ɗan gajeren darasi a gani.

Batun gurbi yana da wata dabara da baƙo ba ya saurin ganewa. Babu ranar da ake tara dukkan takardu a zauna a zaɓa. Kowace cibiya tana duba masu nema yayin da suke shigowa, ta ba da gurbi, idan ta cika ta rufe. Adadin da za ta iya ɗauka kuma ya danganta da yawan makarantun da suka yarda su karɓi ɗalibanta. Fannoni irin su tarihi, wasannin motsa jiki da koyarwar firamare sukan cika da wuri, su kuwa fiziks da lissafi har ƙarshen zango ana neman mutane, saboda ƙasar ta yi shekara da shekaru ba ta samun adadin da take buƙata a cikinsu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, musamman ga wanda biza ke jiransa a gaba.

Gurbin da za a ba ka kusan kullum da sharaɗi yake zuwa. Sai mutum biyu sun yi maka shaida, sai an yi binciken DBS don a tabbatar ba ka da tarihin da zai hana ka zama da yara, sai an duba lafiyarka. Wanda ya zauna a wata ƙasa ana neman takardar shaidar 'yan sanda daga can. Idan aka ga ilimin fanninka yana da giɓi, misali ka karanta injiniyanci kana son koyar da fiziks, a kan sa ka yi wani gajeren kwas na cike giɓin kafin a fara.

Sai kuɗi, kuma nan ne doka ta raba mutane gida biyu. Ɗalibin gida gwamnati ta sa wa kuɗinsa iyaka: fam 9,250 a shekara tun daga 2017, sannan fam 9,535 a zangon 2025/26. Ba sai ya biya daga aljihu ba, yana iya karɓar bashin karatu da na ciyar da kai ko da ya taɓa karɓa lokacin digirinsa na farko, kuma ba zai fara biya ba sai albashinsa ya kai wani mizani. To amma wane ne ɗalibin gida? A dunƙule, wanda yake da izinin zama na dindindin kuma ya shafe shekara uku da suka gabaci kwas ɗin yana zaune a ƙasar. Fasfo kaɗai ba ya wadatarwa. Yaron da aka haifa a Landan aka rene shi a Kaduna yana iya tarar da an sa shi a layin baƙi. Shi kuwa baƙo, iyakar nan ba ta shafe shi ba, kowace jami'a ita ke yanke kuɗinta, yakan ɗara na 'yan gida da dubban fam, kuma bashin gwamnati ba nasa ba ne.

Akwai tallafin da ba a mayarwa, wanda kowace shekara ake sake lissafinsa bisa fannin da ake ƙarancin malamai. A zangon 2025/26 mai koyon koyar da fiziks, kemistiri, lissafi ko kwamfuta yana samun fam 29,000, mai harsuna fam 26,000, mai Turanci fam 5,000, firamare kuwa babu. Ana son digiri mai daraja ta 2:2 zuwa sama. Ga baƙo ƙofa biyu kacal aka buɗe tun 2023, fiziks da harsunan waje irin su Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci. Ɗan Nijeriya mai digirin lissafi ko kemistiri zai ga adadin a shafi ya yi murna, amma ba da shi ake ba. Ko wanda ya cancanta ma ya sani kashi-kashi ake biya, wata-wata bayan an fara karatu, kuma idan ya bar kwas ɗin biyan ya tsaya. Ba kuɗin da za a sayi tikitin jirgi da shi ba ne.

Ba kowace cibiya ce ke da lasisin ɗaukar nauyin bizar ɗalibi ba. Jami'o'i galibi suna da shi, amma yawancin cibiyoyin da gungun makarantu ke gudanarwa, waɗanda ake kira SCITT, ba su da shi. Shafin neman kwas yana da wurin da za ka tace ka ga masu bayarwa kaɗai, kuma baƙon da bai yi haka ba zai ɓata zaɓinsa huɗu a banza. Bayan kuɗin makaranta, sai an nuna kuɗin zama na wata tara da suka kwana 28 a asusu. A farkon 2025 fam 1,136 ne a wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikinta, kuma ana ƙara shi lokaci-lokaci. Ga harajin lafiya fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka ga mai fitowa daga Nijeriya ko Ghana. Abin da ya fi taɓa magidanta shi ne dokar Janairun 2024, wadda ta hana ɗaliban irin wannan kwas tafiya da mata ko 'ya'ya. Akwai hanyoyin da ake horar da mutum yana karɓar albashi, irin su Teach First, amma gurabensu kaɗan ne, kuma baƙo sai ya samu makarantar da za ta tsaya masa a bizar aiki.

Zuciyar kwas ɗin ita ce zama a makaranta, abin da mu muke kira TP, sai dai nasu ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba. Ƙa'ida ta ce aƙalla kwana 120, wato mako 24, a makarantu aƙalla biyu. Kusan kashi biyu cikin uku na shekarar ke nan. Ana zaɓar makarantu biyun su sha bamban, wata a tsakiyar gari mai yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne, wata a bayan gari, don kada malami ya fito ya san iri ɗaya kawai. Za ka fara da zama a bayan aji kana kallo, sannan a ba ka wani yanki na darasi, sannan aji sukutum, har zuwa ƙarshe kana ɗauke da mafi yawan jadawalin cikakken malami. A kowace makaranta akwai gogaggen malami da aka ɗora wa ja maka gora, yana kallon darasinka, kuna zama duk mako. A ƙarshe da mizanin malamai guda takwas da aka kafa tun 2012 ake auna ka, daga tsara darasi zuwa riƙe tarbiyyar aji. Rubutun jami'a komai kyansa ba ya ceton wanda bai iya riƙe aji ba.

Ba kai ke zaɓar makarantar ba. Cibiyar ce ke tura ka, tana la'akari da inda kake zaune da ko kana da mota, amma tafiyar awa guda zuwa da awa guda dawowa ba baƙon abu ba ne, kuma galibi kuɗin bas da jirgin ƙasa daga aljihunka zai fita. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya kama haya ta shekara guda a gefen jami'a tun bai tambayi yankin da makarantun suke ba. Haka nan bizar ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 a mako, amma wanda ya fita tun duku-duku, ya dawo da tarin littattafan makin yara da darasin gobe da bai tsara ba, da wane ƙarfin zai je aikin dare? Duk lissafin da aka gina a kan cewa aikin gefe zai biya kuɗin makaranta, a wannan kwas ɗin ba ya tsayuwa.

Batun sallar Juma'a da hijabi ma a nan yake tasowa. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda addini, kuma malamai mata masu hijabi suna nan da yawa a makarantun Birmingham da Bradford. Amma dokar ba ta sauya jadawalin aji da kanta ba. Gara ka faɗa wa cibiyar tun ranar ganawa, a san makarantar da za a tura ka.

Wanda ya riga ya zama malami a gida, mai PGDE da rajistar TRCN da shekarun aiki, wataƙila ba ya ma buƙatar wannan kwas ɗin. A Fabrairun 2023 aka ba malaman Nijeriya da Ghana damar neman QTS kai tsaye ta intanet, in dai fanninsu lissafi ne, kimiyya ko harsuna, ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Shaidar ba biza ba ce kuma ba aiki ba ce, sai mutum ya nemi makarantar da za ta ɗauke shi. Akwai kuma iQTS, wanda cibiyoyin Ingila ke koyarwa ta intanet mutum yana ƙasarsa yana koyarwa a makarantar da ke kusa da shi.

Wanda ya gama ya samu QTS zai shiga shekara biyu na sabon malami, da rangwamen awoyi da mai ja masa gora, tsarin da aka fara a Satumban 2021. Mafi ƙarancin albashin farawa a wajen Landan a Satumban 2025 fam 32,916 ne a shekara, kafin a cire haraji, fansho da kuɗin inshorar ƙasa.