Me ake nufi da "dashen faifan wuya"?

Kwanan nan maganar "dashen faifan wuya" ta cika WhatsApp a Maraɗi, har a shirin lafiya na rediyo ana jin ta, galibi daga bakin masu haɗa marasa lafiya da asibitocin Indiya da Masar. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake faɗinta, kamar duk mai ciwon wuya za a je a sake masa wuya sabo.

Da farko, ba dashe ba ne irin na ƙoda, ba a ciro komai daga jikin wani. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kuma daga na 2 zuwa ƙasa akwai faifan guringuntsi tsakanin kowane biyu. Idan shekaru suka ja faifan yakan bushe, ya lotsa, ya bulluƙo ya danne jijiya, an fi ganin haka tsakanin na 5 da na 6, ko na 6 da na 7. Likita yakan shiga ta gaban wuya, ya kauce wa maƙogwaro, ya cire lalataccen. Tun wajen 1958 abin da aka saba shi ne a haɗe ƙasusuwan biyu, gaɓar ta daina motsi. Sabon aikin kuwa faifai ake sawa na ƙarfe, ko ƙarfe da roba, gaɓar ta ci gaba da juyawa. Sai a 2007 hukumar FDA, mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka, ta amince da shi.

To amma jijiya ake cetowa, ba ciwon wuya ake kashewa ba. Ɗauki matar da ta tsufa tana ɗauko ruwa da itace a ka, wuyanta ya sage, kullum tana shafa man zafi. Idan ciwon a wuya ya tsaya, da wuya aikin nan ya yi mata rana, balle in ƙashinta ya yi laushi ko gaɓoɓin bayan wuya sun cinye, don irin wannan ba a sa musu faifan. Wanda ake dubawa shi ne wanda zafi ke gangaro masa daga kafaɗa har yatsu, babban yatsa ya mutu, ko kofin shayi na kuɓuce masa, ya kasa ɓalla maɓalli, tafiya yana tangaɗi. Wannan na ƙarshe alama ce ta an danne laka, kuma shi kam bai kamata ya zauna jira ba.

Zafin hannu kaɗai kuwa, yawancin masu shi sukan samu sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki, ba wuƙa. Masu talla ba su faɗin haka, ba su kuma faɗin dashewar murya da wahalar haɗiya bayan aiki, ko cewa wani lokaci ƙashi kan tsiro ya kewaye faifan ya hana shi motsin da aka biya kuɗi dominsa. Ni dai ban yarda a sayar da gona kan hoton radiyo kawai ba, ƙashi yake nunawa. Sai an yi IRM, wato hoton da ke nuna faifai da jijiya, likita ya nuna maka jijiyar da aka danne, kuma ta dace da yatsan da ke mutuwa.