Fitilar sola ta tafi-da-gidanka

Fitilar sola ta tafi-da-gidanka ƙaramar fitila ce da ke tara wuta daga hasken rana, ta ajiye a batir, sannan ta haska da dare. An fi neman ta idan aka ɗauke wuta, ko wurin masu kwana a daji cikin tanti, ko a sansanonin waɗanda bala'i ya raba da muhallinsu. Ba ta hayaƙi kamar ta kananzir, ba ta kuma tayar da gobara kamar kyandir. Abubuwa huɗu ne a cikinta: farantin sola, batir, ƙwan LED (ƙaramin ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan), da ɗan allon da ke yanke caji idan batirin ya cika.

Tarihi

A 1839 ne masanin Faransa Edmond Becquerel ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki, amma sai a 1954 aka ƙera farantin silikon mai amfani a Bell Labs da ke Amurka, wanda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa zuwa wuta. Na yanzu kan kai kashi 20 ko fiye. Sai dai ba farantin ne kaɗai ya sa fitilar ta yiwu ba. Tsohon ƙwan fitila yana ɓarnatar da yawancin wutarsa a zafi, ƙaramin batir ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Shuɗin LED da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar, wanda ya kai su ga kyautar Nobel a 2014, shi ya buɗe hanyar farin LED mai cin wuta kaɗan.

Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, Anna Stork da Andrea Sreshta suka ƙirƙiro LuminAID, fitilar da ake hurawa da baki ta kumbura, a sace iskar a ninke ta idan an gama. A 2012 kuma Olafur Eliasson da Frederik Ottesen suka fito da wata fitilar sola mai suna Little Sun.

Haske da caji

Da lumen ake auna hasken fitila. Kyandir ɗaya na ba da kusan lumen 12, tsohon ƙwai mai wat 60 kuwa kusan 800. Adadin awannin da ake rubutawa a kwali galibi na haske mafi rauni ne. Idan aka ƙure hasken fitilar, batirin ba ya kai ko kusa da haka.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman faranti. Rana tsaka, idan sama ta yi garau, hasken da ke sauka kan murabba'in mita ɗaya ya kai wat 1,000, amma farantin da ke kan fitila, wanda sau da yawa bai wuce tafin hannu ba, da ƙyar yake ba da wat ɗaya. Wannan ya isa a haska tanti na 'yan awanni. Cika batirin waya daga gare shi kuwa aikin kwanaki ne, duk da ramin USB da ake tallata fitilar da shi. Hadari, ƙura da inuwar ganye ɗaya tak suna rage cajin sosai, haka ma ajiye ta a bayan gilashin taga. Shi ya sa masu dabara kan cika ta daga soket tun kafin tafiya, su bar rana ta riƙa ƙarawa.

Batir

Batir ne ke fara mutuwa, ba LED ba. Akwai kuma wani cikas a ƙirar kanta: faranti na son rana, batir kuwa zafi ne ke tsufar da shi. Fitilar da farantinta ke ware, da doguwar waya a tsakani, ta fi daɗewa, domin ana iya shanya farantin a waje a bar batirin a inuwa. Nau'in LiFePO4 ya fi sauran batiran lithiyom jure zafi da yawan caji. Ba a cajin batirin lithiyom a sanyin da ya yi ƙasa da digiri sifili a ma'aunin Celsius, kuma fitilar da aka jefa cikin durowa don ranar ɗauke wuta tana zubar da cajinta a hankali, sai a riƙa duba ta bayan 'yan watanni.

Ga mai kwana a waje, alamar IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma fitilar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Haske mai ɗan rawaya bai kai fari fat tara ƙwari ba.