Jirgin Koyo a Wasan Jiragen Sama Masu Rimot

Jirgin koyo ƙaramin jirgin sama ne da ake sarrafawa da rimot daga ƙasa, wanda aka ƙera domin mutumin da bai taɓa tuƙi ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne natsuwa a cikin iska, domin yana tafiya a hankali, kuma idan ya karkata, da zarar matuƙi ya saki sandar rimot sai ya daidaita da kansa.

Wannan natsuwa daga fukafukai take samuwa. Ana ɗora su a saman gangar jirgin yadda nauyi zai rataya a ƙarƙashinsu, sannan a ɗan ɗaga ƙarshensu sama, wanda hakan ke sa fiffiken da ya yi ƙasa ya fi ɗayan samun ƙarfin iskar da ke ɗaga shi sama har jirgin ya miƙe. An fi son tsawonsu daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya kai mita 1 zuwa 1.5, saboda ƙaramin jirgi iska kan yi wasa da shi, kuma da ya yi nisa ido ba ya gane inda ya fuskanta.

Jirgi mai layin umarni uku daga rimot, wato ƙarfin inji da hawa ko sauka da juyawa ta wutsiya, ya wadatar da ɗan koyo. Layi na huɗu na karkatar da fukafukai ne. Rimot na zamani kan yi aiki da zangon rediyo na gigahaz 2.4.

Tun da faɗuwa ba makawa ce, jirgin kumfar roba mai injin lantarki ya fi na katakon balsa, wani katako mara nauyi, dacewa, domin gam kaɗai kan gyara shi, musamman idan farfelarsa na bayan fukafukai inda ba za ta bugi ƙasa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da kwaikwayon jiragen yaƙi irin su Spitfire. Kyansu na jan hankali, amma fukafukansu a ƙasan gangar jirgi suke, suna da sauri, kuma da gudu ya ragu sai su rikito. Akwai kuma ruɗanin da ke faruwa idan jirgi ya fuskanto matuƙi, inda dama ke zama hagu a idonsa, shi ya sa ake fara atisaye a manhajar kwamfuta, ko a haɗa rimot biyu domin malami ya karɓi tuƙi idan abu ya rikice.