Waiwaye: Yadda Saran Daji Ya Raba Dangin Kwarkwasa

Maganar yadda saran daji ke raba dangin kwarkwasa ta samo asali ne daga muhawarar da ta biyo bayan nazarin masanan halittu Robert MacArthur da Edward Wilson kan tsibirai a 1967, domin guntun dajin da aka sare kewayensa kamar tsibiri yake: shin daji ɗaya babba ya fi kare halittu, ko ƙanana da yawa? A 1979 masanin halittu Thomas Lovejoy da cibiyar binciken Amazon ta Brazil suka nemi amsa a arewacin birnin Manaus. Masu kiwon shanu suna sare daji, sai aka sa suka bar guntaye, wani hekta 1, wani 10, wani 100.

Cikin waɗanda suka fara ɓacewa daga ƙananan guntayen akwai wata kwarkwasa mai suna Eciton burchellii, 'yar uwar wadda muka sani a Afirka. Rundunarta ba ta da gida na dindindin, yawo take tana farauta, kuma hekta 10 ba ta isar ta. Da ta tafi, tsuntsayen da ke bin ta suna cafke ƙwarin da ta kora su ma suka ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ido bai gani. Sarauniyar kwarkwasa ba ta da fuka-fuki. Sabuwar runduna tana samuwa ne idan tsohuwa ta rabu biyu, kowane ɓangare ya tafi da ƙafa. To ina za ta bi idan makiyaya mai zafin rana ta kewaye ta? Maza kaɗai ke tashi, su ne ke kai jinin wani dangi zuwa wani daji. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2012 kan wannan kwarkwasa a Panama ya nuna cewa filin da aka sare yana rage wannan cuɗanyar jini, daji mai haɗe kuma yana sauƙaƙa ta.

Kwarkwasar tana da wata garkuwa dai: sarauniya kan sadu da maza fiye da 10, don haka 'ya'yanta ba uba ɗaya ba ne. Amma idan mazan duk daga guntun daji ɗaya suka fito, auren dangi ake ta yi, bambancin jinin yana raguwa tsara bayan tsara.

A dajin Kakamega na Kenya ma an ga yadda kwarkwasar Dorylus wilverthi ta ragu a ƙananan guntaye, tsuntsayen da suka dogara da ita su ma suka ragu.