Gashaka-Gumti: Yadda Aka Yi Shanu Suka Zauna a Tsakiyar Gandun Daji

Gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A cikinsa tsaunin Chappal Waddi yake, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419, kuma babu tudun da ya kai shi a duk faɗin ƙasar nan. Amma abin da ya fi bambanta shi da sauran gandaye shi ne akwai rugage da ƙauyuka a tsakiyarsa, da dubban shanu a kan tuddansa, kuma ba kutse suka yi ba. Da sanin hukuma aka bar su. Kusan duk wata taƙaddama da ake yi yau kan kula da ƙasa a wannan daji, daga wannan shawara ta samo asali.

A ƙarni na 19 Gashaka tana ƙarƙashin daular Fombina ta Adamawa, da lamiɗonta. Daga baya Jamusawa suka haɗa yankin cikin Kamaru, har yanzu ma akwai kangon sansaninsu a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Da aka ci su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai wurin ya koma hannun Turawan Ingila a matsayin riƙon amana, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, lokacin da mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya aka kira yankin Lardin Sardauna. Duk tsawon wannan zamani ƙasar ba ta cika da jama'a ba. Hare-haren kama bayi sun watsa ƙauyuka, ƙudan tsando ya hana shanu zama a kwari, hanya kuma babu. Rashin mutane ne ya tsare namun dajin kafin a rubuta wata doka.

Tsandon nan ne ya kai Fulani kan dutse. A kwari saniya ba ta daɗewa sammore ya kama ta, ta rame ta mutu. A saman tsauni kuwa sanyi ya hana ƙudan rayuwa, ga ciyawa shimfiɗe, ga ruwa na ɓuɓɓuga daga kowane lungu. Tun wajen shekarun 1940 makiyaya suka soma cika tsaunin Mambila, da can ya matse sai wasu suka gangaro arewa zuwa tuddan Gashaka, irin su Chappal Hendu da Chappal Delam da Shirgu da Filinga da Sabere. Saboda haka lokacin da gwamnati ta waiwayo dajin, ta tarar da su a can da garkunansu da arɗaɗɗansu.

Mutane da yawa suna ɗauka don zaki da giwa aka keɓe wurin. Gaskiyar magana don ruwa ne. Wani binciken albarkatun ƙasa da aka fitar a 1966 kan kudancin lardunan Sardauna da Adamawa ya jawo hankali ga cewa daga waɗannan duwatsu manyan rafukan da ke ciyar da Kogin Binuwai suke tasowa. Kogin Kam da Gamgam da Yim da sauransu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Taraba. Damina a can tana da tsawo, ruwan da ake samu a kudancin dajin ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Idan tudu yana rufe da ciyawa, kwazazzabai kuma suna cike da kurmi, ƙasa takan shanye ruwan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Idan aka tsiraita tudun, ruwan sama sai ya kwararo lokaci guda, ya kwashi ƙasa ya cike kogi da yashi, da rani kuma rafi ya ƙafe. Duk shekarar da Binuwai ta yi ambaliya, kamar 2012 da 2022, bakin kowa yana kan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ba a cika tuna cewa kogunan Faro da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasa da Lagdo suke zuba ba, kuma halin da tuddansu ke ciki yana da hannu a yawan ruwan da ke isa Makurɗi da Lokoja.

A 1972 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta kafa wuraren kare namun daji guda uku, Gashaka da Gumti da Serti. A nan aka yanke shawarar da ta bambanta wurin. Maimakon a kori mazauna, sai aka shata musu keɓaɓɓun yankuna a ciki: tuddai ga makiyaya, wasu filayen kwari kamar Gumti ga manoma. Fahimtar da aka yi ita ce su zauna iya inda aka shata, kada su yi farauta, kada garke ya wuce abin da ƙasar za ta ɗauka, su kuma zama idon hukuma a kan mafarauta. A ganina shawara ce mai hankali, musamman idan aka tuna cewa a wancan zamani a wurare da dama na Afirka da bakin bindiga ake kwashe mutane daga gandun daji. Jami'an da ba su da isassun ma'aikata sun gane cewa Bafulatanin da ke kwana a kan dutse ya fi kowane mai gadi sanin wanda ya shigo da wanda ya fita. Inda aka yi sakaci shi ne ba a ɗaure yarjejeniyar da abin da zai riƙe ta ba idan waɗanda suka ƙulla ta sun kau.

Ba a jima ba kuwa aka ga haka. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, Jihar Gongola da ta gaji dajin ta rasa kuɗin albashi da na mota, sintiri ya tsaya. A 1983 zuwa 1984 annobar bushiya ta ratsa Arewa, ta kashe shanu ba adadi, ta kuma shiga cikin ɓauna da sauran manyan dabbobin dajin. Waɗanda suka tsira mafarauta suka bi su, har da masu tsallakowa daga Kamaru. Ƙungiyoyin kare muhalli, NCF ta Najeriya da WWF ta Ingila, suka shigo da tallafi, suka matsa a ɗaga darajar wurin. A 1991, zamanin mulkin Janar Babangida, doka mai lamba 36 ta mai da shi gandun dajin ƙasa tare da Yankari da Cross River da Old Oyo da Chad Basin. A shekarar ce kuma aka raba Gongola, dajin ya faɗa jihohi biyu, hedikwata a Serti, ɓangaren arewa wajen Toungo.

Komawa hannun tarayya ya kawo kuɗi da kaki, amma ya zo da wani ƙulli. Dokar gandayen ƙasa, da wadda ta maye gurbinta a 1999, an rubuta su ne don dajin da babu kowa a ciki: ba kiwo, ba noma, ba sara, ba wuta sai da izini. Mazauna keɓaɓɓun yankunan sai suka zama a tsaka-tsaki. An san da zamansu, amma babu takardar da ta ce wannan tudu nasu ne har 'ya'ya da jikoki, kuma kowane sabon shugaba da aka turo yana iya zuwa da nasa ra'ayi. Mutumin da bai tabbata zai ga baɗi a wuri ba, da wuya ya rage garkensa don ciyawa ta huta. Haka kuma ba shi da ƙarfin hana baƙon makiyayi shiga, musamman idan baƙon ya riga ya kai gaisuwa wurin wani mai faɗa-a-ji a gari. Iko ya rarrabu tsakanin hukumar gandu da ƙaramar hukuma da masarauta, kowa da abin da yake karɓa, babu wanda aka ɗora wa alhakin ƙirga shanu.

Illar tana bayyana a jikin ƙasa. Da ruwa ya ɗauke wajen Nuwamba, makiyaya sukan sa wa ciyawa wuta don ta yi toho. Wutar farkon rani, lokacin da akwai sauran danshi, takan lashe busasshen ganye ta mutu a bakin kurmi, ita ma hukuma tana yin irinta. Wadda ke ɓarna ita ce ta tsakiyar rani, da iska ke kaɗa ta ta shiga gefen kurmi, ta cinye ƙananan itatuwa. Shekara bayan shekara kurmin yana ja da baya taku kaɗan, ba mai lura, har a wayi gari kwarin da ke da duhu ya zama fili. Shanu kuma suna shiga kurmin shan ruwa da neman inuwa, suna tattake tsiron da zai maye gurbin tsofaffin itatuwa. A gangaren tudu za ka ga sawun kofato ya yi layi-layi kamar matakala. Ruwa ya samu hanya, layin ya zama kwazazzabo ja. Inda kiwo ya yi yawa, ciyawa mai daɗi takan ɓace, wata mai tauri ta maye gurbinta, tare da wani ganye mai yaɗuwa da ke cutar da saniya idan ta ci shi da yawa. Makiyayin da ya daɗe a wurin shi ne farkon mai ganin wannan, domin a ƙwaryar nono yake ganinsa.

Da rani ya tsananta kuma dole garke ya sauko kwari neman ciyawa, wato ya fita daga inda aka shata masa ya shiga ainihin gandun. A nan ake karo da masu gadi, a kama shanu, a ci tara, a yi ta ƙorafi. A nan ne kuma aka fi haɗuwa da masu cin nama. Zuba guba a mushen saniyar da aka kashe ya taimaka wajen rage yawan zaki da kyarkeci da kura a yankin, ungulu ma ba ta tsira ba.

Abin da ya saura bai zama kaɗan ba. Akwai ɓauna da gwambaza da mazo da damisa da dorina, da tsuntsaye iri sama da 400. Akwai kuma birin da mutanen yankin ke kira biri mai ganga, wato chimpanzee, wanda irinsa a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samu, kuma Gashaka na cikin manyan mafakarsa da suka rage. Daga shekarar 2000 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan suka kafa sansani a Kwano da ke cikin dajin, da tallafin gidan namun daji na Chester. Sun rubuta yadda birin ke gyara tsinke ya zura a rami ya ciro kwarkwasa, da yadda yake haɗa sanduna iri-iri don fasa gidan zuma. Zaman masu binciken da 'yan ƙauyen da suka ɗauka aiki ya rage farauta a kewayen Kwano fiye da yadda sintiri ya yi a wasu wurare.

Sai kuma guguwar madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid. Wajen 2014 zuwa 2017 buƙatar wannan itace a China ta mai da Taraba kasuwar gungume, manyan motoci suna jere a hanyar Bali dare da rana. Da ta ƙare a dazukan waje, masu injin yanka suka doshi gandun. An sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ke taƙaita cinikinsu daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya, amma an riga an yi ɓarna. Makiyaya na cikin waɗanda suka yi asara, domin ganyen madobiya shi ne abincin shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Masu haƙar ma'adinai su ma suka shigo, kuma an rasa rayukan masu gadi a hannun 'yan bindiga.

Shekarar 2017 ta haɗa abubuwa uku. A watan Yuni rikici ya ɓarke a tsaunin Mambila tsakanin manoma da makiyaya, aka yi asarar rayuka da dukiya. Jihohin Binuwai da Taraba suka kafa dokokin hana kiwon sake. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Borno. Duk makiyayin da ƙasa ta yi wa zafi, idonsa na kan wannan daji mai ciyawa da ruwa. A shekarar ce kuma Hukumar Gandayen Ƙasa ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors, wadda aka fi sani da ANI, don su gudanar da dajin tare. An sake tantance masu gadi aka horar da su, aka samar da kayan sadarwa da na sintiri, aka soma zama da arɗaɗɗai da yi wa shanu rigakafi, da tallafa wa ƙungiyoyin adashen mata a ƙauyukan kewaye.

An samu sauƙin sara da farauta, wannan ba a musu. Amma kaki da bindiga suna maganin mai injin yanka ne, ba sa faɗa maka shanu nawa Chappal Hendu za ta ɗauka, ko a wane wata za a sa wuta, ko ta wace hanya garke zai sauko da rani. Waɗannan sai an zauna da masu shanun, an shata iyaka da duwatsun da kowa ke gani, an rubuta sunayen gidajen da ke da haƙƙin zama, an ba arɗo ikon cewa a'a ga baƙo kuma hukuma ta tsaya bayansa. Tsoffin mazauna tuddan suna da dalilin yarda da ƙayyade garke idan har an tabbatar musu ba za a tashe su ba, domin su ne baƙin garkuna ke cinye wa ciyawa. Dokar burtali da wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi irin wannan alkawari, aka keɓe filaye da yawa amma ƙalilan aka yi wa rajista, sauran gonaki suka cinye. Makiyaya ba su manta ba, shi ya sa suke neman takarda, ba jawabi ba.

A ɗaya gefen iyaka akwai tsaunin Tchabal Mbabo da gandun dajin Faro na Kamaru, inda shanu da mafarauta da namun daji ke kaiwa da komowa ba tare da sanin wata iyaka ba. An daɗe ana maganar haɗa su da Gashaka-Gumti a kula da su tare. Ko an ƙayyade shanun wannan gefe, muddin na wancan gefe suna hawowa da damina ba mai ƙirga su, lissafin ciyawar Chappal Waddi ba zai fita ba.