Mai rawar jiki a kan kujerar likitan haƙori

Wata dattijuwa daga Shari'ul Mansur a nan Makka ta zo mana da kumatu a kumbure, wata uku tana cusa kanumfari a ramin haƙori. Na ce, "Hajiya, me ya hana ki zuwa tun da wuri?" Sai ta miƙo hannu yana rawa, kanta ma yana kaɗawa kamar mai cewa a'a. Ta ce, "Ɗana, a haka za a sa mini ƙarfe a baki?"

Wannan rawar, wadda likitoci ke kira essential tremor, ba Fakinsin ba ce (wani ciwon ƙwaƙwalwa da shi ma ke sa rawar jiki), ba kuma iska ba ce. Takan taso idan mutum ya ɗauki finjalin gahawa ko zai sa hannu a takarda, ta lafa idan ya huta. Kusan rabin masu ita gadonta suka yi, kuma ta fi kama waɗanda suka haura shekara 65. Rawar kai kuwa takan ragu da zarar an kwanta, kai ya sami matashi, kujerar likitan haƙori kuma ai kwantar da mutum take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye magani. Da yawa suna shan propranolol, maganin rage wannan rawar, su kuma yi shiru ba su gaya wa likitan haƙori ba. Allurar kashe zafi, wadda Larabawa ke kira banj, galibi akwai wani sinadari mai suna adrenalin a cikinta. Shi kansa yana ƙara rawa, idan kuma ya haɗu da propranolol yana iya ɗaga hawan jini ya rage bugun zuciya. Likita yana da allurar da babu adrenalin, ko ya rage yawanta, amma sai ya sani. In Larabcin bai zauna ba, a zo da kwalin maganin a ajiye masa a tebur. Kada kuma a daina sha don za a cire haƙori.

Ranar zuwa a haƙura da gahawa da shayi, na san da wuya a garin nan. A karya kumallo idan likita bai hana ba, domin yunwa da rashin barci suna tayar da rawar. A nemi lokacin safe, a roƙi ɗan robar da ake cizawa don muƙamuƙi ya tsaya.

A gida, idan buroshi yana suɓucewa, a naɗe mariƙinsa da tsumma ya yi kauri, a dogara gwiwar hannu a bakin wurin wanke hannu. Hajiya dai an cike mata haƙorin cikin zama biyu, jikarta na riƙe da hannunta.