Waiwaye: yadda ƙurar zinariya ta shiga gidajen Bagega

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagin da ke wanka a kududdufai suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, don annobar kaji ba baƙuwa ba ce a ƙauye. Sai da yara suka bi sahu aka tuna da agwagin.

Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi nono, sai jijjiga, idanu su kakkafe, kafin a ankara an kai shi makwanci. Bazara ce, lokacin sanƙarau, saboda haka aka ce sanƙarau ne. Wasu suka ce zazzaɓi ne ya hau kai, wasu suka ce iska. An sha rubutu, an yi turare, an sayo allurai a kemis. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka iso, suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka aika jinin yaran Turai aka gano dalma ce. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Jimillar da aka fi ambata a jihar ita ce yara aƙalla 400.

Haƙar zinariya ba sabon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Sana'ar rani ce, mutum ya gama girbi ya ɗauki kasko ya nufi rafi ya samo na cefane. Abin da ya sauya shi ne farashi. Tsakanin 2006 da 2010 kuɗin zinariya a kasuwar duniya ya kusa ninkawa, masu saye suka riƙa zuwa har ƙofar gida. Mutane suka bar wankin yashi suka koma fasa dutse a rami, dutsen nan kuwa da dalma mai yawa a jikinsa. Ita ce dai dalmar da ake samu a dutsen kwallin da iyayenmu mata ke rambaɗa wa jarirai a ido, wannan kuma zance ne na wata rana.

Babbar ɓarnar a cikin gida aka yi ta. Maza su haƙo dutse su loda buhuna a babur su kawo gida, don nan ne ba mai sace maka. Matan kulle, da ba su fita, suka samu abin yi: a farfasa dutse da guduma a tsakar gida, a daka a turmin da ake surfen gero da shi, goyo na baya. Injin niƙan hatsi ya koma niƙa dutse, a busashe, ƙura na tashi kamar hazo tana sauka kan tabarma da randa da shanyar tsaba. A wanke garin, a haɗa da zaiba, a ƙona a fitar da ɗan abin da bai kai ƙwayar dawa ba. Ragowar kuma wasu har yaɓen ɗaki suka yi da ita. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. An auna ƙasar wasu wuraren aka samu dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin da yara ke wasa a lokacin 400 ne.

An zargi mutanen da ɓoye gawarwakin 'ya'yansu don kada a hana su haƙa. Wasu sun ɓoye ɗin. Amma wanda ya zauna da su ya san amsar da ke bakin kowane magidanci ita ce, in an bari mi za a ci? Gero ba ya kai mutum wata damina. Da zinariyar aka yi rufin kwano, aka sayi babur, aka aurar da ɗiya.

Magani akwai, ƙwaya ce da ke kama dalmar a jini ta fitar da ita ta fitsari. Sai dai likitocin sun kafa sharaɗin da ya yi wa iyaye ɗaci: ba za a ɗora yaro kan magani ba sai an tsabtace gidansu, don in ya koma cikin ƙurar aikin banza ne. Wani kamfanin Amurka, TerraGraphics, ya jagoranci aikin da matasan ƙauyukan. Da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasar kowane tsakar gida, aka zuba a buhuna aka binne a ramuka bayan gari, aka shimfiɗa sabuwa. Sarakuna suka ba da umarnin a fitar da injuna daga cikin gari. Tsakanin 2010 da 2011 aka gama ƙauyuka bakwai, ciki har da Abare da Sunke da Tungar Daji.

Bagega aka bari, ita da ta fi su girma, kuma can ne cibiyar niƙan. Kuɗi suka ƙare. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale a Abuja, yara kimanin 1,500 na jira da guba a jini. A taron da aka yi a Abuja a watan Mayun 2012 kan wannan magana, ministocin da ake sa rai ba su halarta ba. Sai da Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka tayar da ƙura a intanet, sannan a farkon 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa aka saki kuɗin. Shekara uku ke nan, a rayuwar yaron da ƙwaƙwalwarsa ke girma. Dalma ba ta mayar da abin da ta ɗauka. Akwai yaran da suka tsira da rai suka makance, akwai waɗanda ƙafafu suka shanye, akwai kuma masu yawa da ba a ganin komai a jikinsu sai malamin makaranta ya rasa dalilin da karatu ba ya zama.

A 2015 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. An gwada niƙa da ruwa a wasu wuraren don kashe ƙura, kuma ya yi aiki inda aka riƙe shi. Daga nan maganar 'yan bindiga ta danne kowace magana. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya. A ganina haramcin bai rufe rami ko ɗaya ba, ya dai sa aikin ya koma ɓoye, ɓoyon kuwa bai da wurin da ya wuce cikin gida. Wa zai kai injinsa da buhunansa daji inda za a ɗauke shi tare da su? Wa kuma zai bi hanyar Anka zuwa Bagega da na'urar awon ƙasa yana bin gida gida?

A watan Fabrairun 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara, bayan ta auna yara fiye da 8,000. A Disamban 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin, ba a daɗe ba a 2025 aka ji gubar ta sake ɓulla a yankin Bunguɗu. Zinariya kuwa yanzu ta ninka kuɗinta na 2010. Jariran da aka goya ana dakan dutse a wancan lokacin sun zama samari, da yawansu su ne ke shiga ramin yau, 'yan matan kuma an fara kai su ɗakunansu.